Ƙafar Dama Ta Sha Rana

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Yau na buɗe shagona. Bari in sake rubutawa don idona ya ƙoshi: shagona. Shekara tara ina auna yadi a shagon mutane, ina murmushin dole, yau ga makulli a hannuna, ni na buɗe ni na rufe.

Ɗaki ɗaya ne, amma wallahi ya fi na wasu uku. Kanta uku a jikin bango, benci mai katifa don zaman gwaji, da dogon madubi da na jingina a ƙasa don mace ta ga ƙafarta ba sai ta sunkuya ba. A bakin ƙofa na kafa tebur, na jera takalma arba'in, duk ƙafar dama. Na hagun suna ciki, kowanne a kwalinsa. Mai sarin da na saro kaya a wurinsa ne ya koya min wannan dabarar, ya ce ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kan ƙafa ɗaya. Da rana ta juyo ta haske teburin nan, jajaye da shuɗɗa suka hau ƙyalli, sai da masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Tela, matar da shagonta ke manne da nawa, ta leƙo ta ce, "Ke kam kin zo da niyyar kashe mana kasuwa, wa zai ƙara kallon ɗinkina?"

Baba ya zo da safe, da akwatinsa na gyaran takalmi a kafaɗa da 'yar kujerarsa a hannu. Bai daɗe ba. Ba zan ɓata wannan shafin da wannan maganar ba, yau ranar farin ciki ce.

Na sayar da takalma shida.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Na tashi ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma gajiyar kanka daɗi gare ta. Akwai takalmin fata na maza, ruwan ƙasa, lamba arba'in da uku, shi ne mafi kyau a duk shagon. Na Baba ne. Na yi niyyar in miƙa masa jiya a gaban jama'a idan an tashi, shi ya sa na ɗora ƙafar damar a tsakiyar tebur ta yi min ado kafin lokacin. Tana nan a wurin. Idan ya zo zan ba shi.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Wata mata ta shigo tana cewa lambarta talatin da takwas. Kallo ɗaya na yi wa diddigenta na ce mata arba'in. Ta ɓata rai, wai ina nufin ƙafarta faifai ce. Na ce, "Yaya, ki gwada kawai, gwaji kyauta ne." Ya zauna mata ɗas. Ta sayi biyu, ta tafi tana tambayata a ina na koyi sanin ƙafa haka. Na ce mata baiwa ce.

Mutum biyu sun taya ruwan ƙasan nan. Na ce musu an riga an saya.

Baba bai zo ba.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Mama ta zo. Ta zauna a benci ta latsa katifar da yatsa, ta duba rufi, ta duba madubi, ta ce ma sha Allah sau uku. Na ji daɗi har cikin raina. Na sa mata wani flat, marar tsini, mai laushi, ta yi taku biyu a gaban madubi tana dariya kamar yarinya.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Babanku ya ce in dubo masa, wai teburin nan yana nan inda yake?"

Na ce, "Yana nan, Mama. Kuma nan zai zauna."

Ta ce, "To. Ni dai aike aka yi min."

Ka ji fa. Mutum ba zai tako ya ga shagon 'yarsa ba, amma yana aiko a duba masa tebur. Teburin nan shi ke kawo min rabin cinikina. Kowa da irin sana'arsa, shi gyara ya sani, ni sabo nake sayarwa.

Litinin, mako na biyu, ƙarfe tara na safe

Bai zo ba. Ni ma ban je gida ba, aiki ya yi yawa.

Alhamis, mako na biyu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ciniki har ban samu na sha shayina da zafi ba. Kambas na 'yan makaranta ya kusa ƙarewa, zan ƙaro. Na fara gane kasuwar nan: mai tsini yana jawo ido, amma flat ake saya. Maza kuwa ba sa gwada ƙafa biyu, sun zura ɗaya sun miƙe.

Hanyar gidana ta kusa tana bi ta gindin bishiyar da Baba ke zama, wajen tashar mota. Kwanan nan ta bayan asibiti nake bi. Ba wani abu ba ne, can ɗin ya fi tsabta.

Wata da muka yi makaranta tare ta shigo ɗazu, ta ƙura min ido ta ce, "Kai! Ba 'yar shumeka ba ce wannan?" Shekara ashirin ban ji wannan sunan ba. A aji haka suke kirana, in an tashi kuma su tuɓe takalmansu su jefo min wai in kai wa babana. Na yi mata murmushi na ce ni ce mai shagon. Ta duba ko'ina ta ce lallai na yi ƙoƙari. Ba ta sayi komai ba, ni ma ban ce ta zauna ba.

Lahadi, mako na uku, ƙarfe bakwai na safe

Kwana goma sha biyar ban sa Baba a ido ba.

Juma'a, mako na uku, ƙarfe uku na rana

Bari in rubuta abin da ya faru.

Akwai wata malamar makaranta da ke saye a wurina, mace mai fara'a, ita ta turo min abokan aikinta uku. Yau ta zo tana son jan nan mai maɗauri, lamba talatin da tara. Duk kwanakin nan idan aka zaɓi takalmi a tebur, na ciki nake ɗaukowa cikakke in bar na teburin yana talla. To yau na ciki sun ƙare, saura na teburin. Na ɗauko shi, na ciro ɗan'uwansa daga kwali, na ajiye mata su tare a gaban madubi.

Malama ta sunkuya ta duba su. Ta ce, "Ƙanwata, anya waɗannan uwarsu ɗaya?"

Na hagu ja wur, kamar ranar da na saro shi. Na dama kuwa ya koɗe, ya koma wani iri, ba ja ba ba ruwan hoda ba. Kullum ina goge shi da hannuna, ban taɓa lura ba, tunda ban taɓa haɗa shi da ɗan'uwansa ba.

Na ce ƙura ce. Na goge, na sake gogewa. Malama ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, za ta dawo wani lokaci. Wannan tausayin da ta ji min ya fi zagi ciwo.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na ja ƙofa na buɗe kwalaye duka, na jera su a ƙasa bibbiyu. Baƙaƙen da sauƙi. Jajaye, shuɗɗa, ruwan ƙasa da kore, duk sun rabu. Talatin da ɗaya cikin arba'in. Kusan duk kayana masu kyau ke nan, waɗanda nake taƙama da su.

Na kira mai sari na ce kayansa ba su da kyau. Ya tambaye ni ina ƙofata ta kalla, na ce yamma. Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Ni cewa na yi ki fitar da ƙafa ɗaya, ban ce ki gasa ta ba." Na kashe wayar.

Na Baba ma ya koɗe. Shi ne a tsakiya, inda rana ta fi bugawa.

Asabar, mako na huɗu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sayo man takalmi kala huɗu da buroshi, na ce abin da na girma ina gani ai ba zai gagare ni ba. Na gwada a kan shuɗi guda. Ya fito dabbare-dabbare, ko kyauta ba mai karɓa. Na gwada na biyu, ya fi na farko muni.

Tela ta shigo ta tarar da ni zaune a ƙasa, hannu duk baƙi. Ta kalli takalman, ta kalle ni, ta ce, "Ikon Allah. Ga likita a gidanku kina ta jiƙe-jiƙe."

Na ce mata ba ta san abin da ya faru ba.

Ta ce, "Ni? Ina tsaye nan da almakashi a hannuna. Tsoho ya ajiye akwatinsa a gefen ƙofa, ya nuna tebur ya ce, 'Wannan teburin, in rana ta juyo...' Ko ƙarasawa ba ki bari ya yi ba. Kika ce, 'Baba, don Allah, nan ba gindin bishiya ba ne.' A gaban mutane. Ya ce gaskiyarki, ya saɓa akwatinsa ya tafi. Ni da ba ubana ba sai da na ji kunya."

Na ce ta fita min daga shago. Ta fita, amma ta dawo bayan minti goma da sabulu da ruwa a roba, ta ajiye min ta koma shagonta.

Ban rubuta maganar nan da bakina ba, Tela ce ta faɗa. Amma haka na ce.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ban buɗe ba yau.

Ina kwance wani abu ya dawo min. Muna yara in na kai wa Baba abincin rana, sai in tarar ya ja tabarmarsa ya koma ɗaya gefen bishiya. Sau uku yake tashi a yini, yana bin inuwa. Ni duk zatona zafi yake gudu. Yanzu da na rufe ido na duba sosai, takalman mutane yake fara kwashewa ya jera a inuwa, in wuri ya rage shi ma ya raɓa. In bai rage ba ya zauna a rana da hularsa ya ci gaba da ɗinki. Bayan wuyansa baƙi ƙirin ne, ya fi fuskarsa duhu nesa ba kusa ba. Shekara talatin da huɗu ina ganin wannan wuyan.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma gobe ba kuka zan je yi ba.

Litinin, mako na huɗu, ƙarfe biyu na rana

Na je. Ta hanyar tasha na bi, da jan takalmin Malama a jaka.

Mutum biyu na tarar a gaban Baba, wani direba da wata tsohuwa mai tsinkakken silifa. Na tsaya a bayansu kamar kowa. Ya ganni sarai, amma bai ɗago ba sai da ya gama da su. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake aiki ba. Basilla ta shiga, zare ya bi ta, ya ja da hannu biyu, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa kamar an auna. Tsohuwa ta zura silifarta ta taka ƙasa da ƙarfi sau biyu, ta tafi tana sa masa albarka.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Ya ce, "Me ya samu takalmin?" Haka yake tambayar kowa.

Na ajiye su a tabarma. Ya ɗauki na dama ya juya, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Kwana nawa?"

Na ce ashirin da ɗaya.

"Guda nawa?"

Na faɗa masa. Bai ce na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da na samu sauƙi.

Na ce, "Baba, abin da na faɗa ran nan..."

Ya ce, "Ruwan ƙasa da kore ki kawo min, waɗannan rini za su sha, ƙafa biyun tare, su ɗan ƙara duhu. Ja da shuɗi kuwa irin wannan fatar ba ta karɓar rini. Wanda ya koɗe ba ya dawowa. Sai dai ki fitar da ɗan'uwansa shi ma ya sha abin da ya sha."

Na ce in sake sa takalmi a rana da hannuna?

Ya ce, "Da ido za ki sa. Kullum da yamma ki shigo da shi ki haɗa su a inuwa ki duba. Ranar da suka daidaita ki tsaya. Kuma in za ki sayar, ki gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya faru."

Na sake cewa, "Baba, maganar ran nan." Ya miƙa hannu ya karɓi takalmin wani da ya zo bayana.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai masa buhu guda, ruwan ƙasa da kore. Na shi ban sa a ciki ba, ban san dalili ba. Teburina yau duk ƙafar hagu ne. Tela ta ce shagona ya canza ƙafa kamar soja a fareti.

Asabar, mako na biyar, ƙarfe shida na yamma

Kwana biyar ina wannan aiki. Da safe fitarwa, da rana juyawa don kowane gefe ya samu, da yamma haɗawa. Shuɗi huɗu sun daidaita. Wallahi in ba an gaya maka ba, sai ka rantse haka aka yi su, wani shuɗi mai sanyi da ya fi na asalin kyau a idona.

Buhun Baba ya dawo jiya, Mama ce ta rako mai kurar da ya kawo. Na buɗe na jera su bibbiyu. Kowane biyu kala ɗaya sak, har gefen tafin ya bi da ɗan buroshi. Wani da bakin maɗaurinsa ya fara sakewa tun daga kamfani, ya ƙara masa ɗinki uku da ba a gani sai an lanƙwasa. Na ɗaga wa Tela ta taga na ce, "Zo ki ga aikin babana!" Da ƙarfi na faɗa, har mai shagon magani ya leƙo.

Na tambayi Mama ko ya ce wani abu. Ta ce, "Ya ce kin iya zaɓen fata." Na sa ta maimaita.

Har yanzu bai zo ba.

Laraba, mako na shida, ƙarfe goma sha biyu na rana

Malama ta dawo. Na fito mata da jan nan, ƙafa biyu kala ɗaya, na gaya mata komai tun daga tebur har gindin bishiya, na kuma rage mata kuɗi. Ta saya. Ta ce tana da takalma uku a gida da suke buƙatar irin wannan hannun, a ina za ta same shi? Na buɗe baki zan ce wajen tasha, sai na ji na ce, "Nan. In Allah ya so, nan."

Da ta tafi na kira kafinta. Ya ɗauke tebur ya shigar da shi ciki, bayan gilashi inda rana ba ta kaiwa. A bakin ƙofa, daidai inda Baba ya ajiye akwatinsa ran nan, na sa ya kafa rumfar kwano mai faɗi. Na ce ya fito da ita sosai ta yamma, ba na son rana ta taɓa ko yatsan wanda zai zauna a wurin.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Na je na faɗa masa. Wannan karon ban bari ya katse ni ba. A gaban direbobi da masu jiran mota na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane, a gaban mutane nake roƙonka ka yafe min. Akwai rumfa a ƙofar shago. Taka ce." Ya ci gaba da shafa gam a tafin wani takalmi, ya ce ya ji.

Shi ke nan abin da ya ce.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Bai zo ba. Rumfa ta yi kyau dai.

Asabar, mako na bakwai, ƙarfe bakwai na yamma

Ina share ƙofa da safe na ji ƙarar da na sani tun ina rarrafe, guduma da gwangwanin ƙusa suna karo a cikin akwati. Ban juya ba sai da ya ajiye shi. Ya ɗaga kai ya duba rumfa, ya girgiza ginshiƙinta, ya ce kafintan ba laifi. Sannan ya tuɓe silifansa a bakin ƙofa, waɗannan da ya yi wa faci har ba a gane asalinsu, ya shiga shagona. Ya bi kanta ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. Ni kuwa ina biye da shi.

Na ɗauko kwalin daga ƙarƙashin kanta na ce, "Baba, wannan naka ne tun ranar farko. Amma shi ma ya koɗe. Ka ba ni kwana goma in daidaita shi."

Ya buɗe. Na hagu ruwan ƙasa mai duhu yana sheƙi, na dama ya yi fari-fari. Ya zauna a benci ya sa su, ya miƙe ya tsaya gaban madubi. Lamba arba'in da uku, ɗas.

Ya ce, "Wa ya gaya miki lambata?"

Na ce, "Ido na gani da shi. A wurinka na koya."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ce, "Bar su haka. Ɗaya ya sha rana, ɗaya ya zauna a inuwa, kuma tare za su yi tafiya. Ni ban ga abin gyara ba."

Ya fita ya zauna a 'yar kujerarsa, ya buɗe akwati, ya jera basilla da zare. Kafin ƙarfe goma mutum huɗu suna jiransa. Wani mai baki ya nuna ƙafarsa ya ce, "Tsoho, kai da kake gyaran na mutane, naka kala biyu?" Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya nuna ƙofa da basilla ya ce, "Na shagon 'yata ne. Shiga ka gani, ta san ƙafa."

Mutumin ya shigo yana tambaya wace ce mai shagon. Na ce ni ce, 'yar shumeka, ya zauna in ga ƙafarsa.